Gamba Kafin Kamfani: Tarihin Wata Ciyawa da Filayen Sharaɗa, Challawa da Bompai

A arewacin ƙasar Ostareliya akwai wata kalmar Hausa da ta shiga dokar gwamnati, ta shiga kasafin kuɗin 'yan kwana-kwana, har mutanen da ba su taɓa jin sunan Kano ba suna ambatonta a tarukan unguwa. Kalmar ita ce gamba. A can, wanda ya bar wannan ciyawa ta yi tsayi a filinsa yana iya fuskantar tara. A Kolombiya da Barazil kuwa, tun daga 1980 ake shuka ta a manyan filayen kiwo, kuma irin da aka fara da shi daga Shika aka ɗauko shi, kusa da Zariya.

A Kano, birnin da ya rayu da gamba ƙarni bayan ƙarni, ba kasafai ake kawo ta cikin maganar tsara gari ba. Unguwannin masana'antu uku da suka fi suna, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, an gina su ne a kan gonakin wata karkara da gamba ke cikin shuke-shuken da ke tsare iyakokinta. Yau waɗannan unguwanni suna da fili mai yawa da ba a yin komai da shi, suna fama da ƙura da ƙarancin ruwa, a wasu harabobin kuma ana shayar da ciyawar ado da ruwan burtsatse wata bakwai ko takwas a shekara. Tarihin gamba yana da abin faɗa a kan wannan hali. Ciyawa ce da ba ta neman ban-ruwa amma tana neman lauje, kuma inda aka kai ta aka manta da laujen, an ji jiki.

Ciyawar iyaka

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a farkon 1851, ya tarar da birni wanda gidajen ƙasa da bukkokin ciyawa ke cakuɗe a cikinsa. Jinkar waɗannan bukkoki, da zanar da ke kewaye gidaje, da murfin rumbuna, duk daga karkara ake kawo kayansu a kan jakuna da kawunan mutane. Birni mai yawan jama'a kamar Kano yana cin ciyawa kamar yadda yake cin itace da hatsi, kuma kowace 'yan shekaru sai an sabunta, domin gara da ruwan sama ba sa barin zana ta daɗe.

Matsalar ita ce karkarar da ke kewaye da ganuwa ba ta da dajin da za a shiga a yanko. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya nuna cewa a wannan yanki kusan kowace gona ana noma ta duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya sa ƙasar ba ta mutu ba shi ne taki, wanda jakuna ke kwasowa daga birni da rani, su koma da itace da amfanin gona. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi, kusa da Sharaɗa, a farkon shekarun 1970, ta fitar da littafinta a 1977, ita ma ta tarar da jama'a a cunkushe da ƙananan gonaki manne da juna.

A irin wannan ƙasa, wurin da ya rage wa ciyawa shi ne siririn layin da ke tsakanin gona da gona. Manoma sukan dasa lalle ko bini-da-zugu ko aguwa a kan iyaka, sukan kuma dasa jema ko gamba. Gindin gamba yana zama wuri guda shekara da shekaru, don haka ya dace da shaida: idan magada suka zo rabon gona, ko maƙwabci ya fara cin iyaka da garma, layin gamba na nan ana gani, kuma ba a tumɓuke shi a ɓoye ba tare da an gane ba. Layin yana rage gudun ruwa idan an yi mamako, yana tare ƙasar da iska ke kwasa da bazara. Da farkon damina, lokacin da harawa ta ƙare kuma sabuwar ciyawa ba ta kai a yanka ba, ganyen gamba ne ke fara fitowa a ba awaki da jakuna. Da kaka, idan karanta ya ƙosa, a sa lauje a yanke, a ɗaure dami-dami, masu saƙar zana su saya. Ko a makarantar allo tana da gurbi, domin daga karan gamba ake fiƙe alƙalami.

Turawan da suka zo tattara sunayen tsirrai sun tarar da wannan tsari a tsaye. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya sa gamba cikin ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai a Hausa wanda aka buga a 1916. Sunan da masana ke kiranta da shi, Andropogon gayanus, wani Bajamushe mai suna Kunth ne ya raɗa mata a 1833. Amma da ciyawar ta fita duniya, sunan Hausar ne ya bi ta.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Jurewar gamba ga fari a saiwarta yake. Kyasuwa da ƙarangiya da burburwa ciyayi ne na damina guda: su tsiro, su zubar da iri, su mutu, baɗi kuma a sake daga farko. Idan ruwan farko ya sauka sannan aka yi tsaiko na mako uku, 'ya'yan da suka tsiro sukan bushe. Gamba ba ta mutuwa da rani. Ganyenta ya bushe, karanta ya yi ruwan ƙasa, amma gindin yana da rai.

A farkon shekarun 1960 masanin tsirrai B. N. Bowden ya bayyana cewa saiwarta iri uku ce. Akwai ƙananan saiwoyi masu yawa da ke bazuwa kusa da saman ƙasa, waɗanda ke kama ɗan yayyafin farko kafin rana ta shanye shi. Akwai masu kauri kamar igiya, da ke riƙe gindin su kuma adana abincin da shukar za ta tashi da shi. Sai waɗanda ke nutsawa ƙasa kai tsaye, suna jawo danshin da ya rage a can bayan sama ta bushe. Da wannan tsari take iya jure rani na kusan wata tara, take kuma rayuwa a wuraren da ruwan shekara bai wuce milimita 400 zuwa 500 ba. Kano takan samu wajen milimita 800 zuwa 900 a shekarar da ta yi daidai, kusan dukansa tsakanin Mayu da Satumba. A 1973, shekarar babban fari, abin da ya sauka bai wuce kusan rabin haka ba, wato dai ma'aunin da gamba ke iya rayuwa da shi.

Tana da rauninta. Idan dabbobi suka riƙa cinye tohonta ba hutu, abincin da ke ajiye a saiwa yakan ƙare, gindin ya mutu. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, lokacin da garkuna suka taru a 'yan wuraren da suka rage da ciyawa, gamba ta ja baya a sassa da yawa na Sahel, ciyayin damina guda suka maye gurbinta. Inda ta tsira sosai shi ne inda manomi ya tsare ta a gonarsa. A Nijar, masu bincike a tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun gwada dasa layukan gamba a gefen gonakin gero, suka ga tana tare yashin da iska ke ɗauka. Abin da suka auna da na'ura shi ne abin da manoman ƙasar Hausa, daga Kano har Maraɗi, suka daɗe suna yi.

Kwano, bulo da turken safiyo

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya. Taragun da ke tafiya Ikko da gyaɗa da fatu sukan dawo da kaya, cikinsu har da kwanon rufi da siminti. Ba a dare ɗaya jinka ta ɓace ba, amma alƙiblar ta bayyana tun lokacin: mai hali ya rufa kwano, ya kewaye gidansa da bulo, zana kuma a hankali ta koma alamar wanda bai samu ba tukuna. Akwai dalili mai kyau a cikin wannan sauyi, domin unguwar jinka da zana idan ta kama wuta da hunturu ba ta barin komai.

Bompai, a gabas da tsohon birni kusa da layin dogo, ita ce ta fara zama unguwar masana'antu, tun daga shekarun 1950. 'Yan Lebanon, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, da kamfanonin Turai da attajiran gari suka kafa matatsar man gyaɗa da masana'antun sabulu, turare, alewa, kwanuka, takalman roba da barguna. Tsarin raya birni na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranci rubutawa, ya ɗauka cewa birnin zai ci gaba da faɗaɗa cikin gonakin da ke kewaye da shi, haka kuwa aka yi. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967. Kuɗin man fetur suka shigo, dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, 'yan kasuwar Kano da dama suka juya daga fatauci zuwa ƙere-ƙere. A shekarun 1970 da 1980 Sharaɗa ta bunƙasa kashi-kashi a kudu maso yammacin birni, Challawa kuma a gaba da ita ta wajen Panshekara, a ƙasar Kumbotso, inda masaƙu da kamfanonin sarrafa fata suka taru.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, ta sauƙaƙa karɓar gonaki don ayyukan da gwamnati ta ga dama. Daga nan iyaka ta koma aikin ma'aikacin safiyo: turken siminti mai lamba, da takardar shaida a ofis. Gamba ta rasa gurbinta ta fuska biyu a lokaci guda. Gonar da take tsaro ta zama fuloti, kasuwar birni da ke sayen karanta kuma ta ragu. Masana'antun sun ba dubban mutane aiki, sun mai da Kano birni na biyu a ƙere-ƙere bayan Ikko a wancan zamani, kuma ba wanda zai ce a bar gina masaƙa saboda ciyawa. Abin lura shi ne abin da aka shimfiɗa a filin da ya rage tsakanin ƙofa da ofis.

Koriyar shimfiɗa da kuɗin ruwanta

Al'adar shimfiɗa gajeriyar ciyawa a gaban gida, a riƙa aske ta kamar gashin kai, daga Ingila ta zo, tsibirin da ruwa ke sauka kusan kowane wata. Jami'an mulkin mallaka sun kawo sha'awarta unguwarsu ta Nassarawa, wadda ke maƙwabtaka da Bompai, tare da filin sukuwa da na folo. Gidan manaja ya kwaikwayi gidan razdan, harabar kamfani ta kwaikwayi gidan manaja. Kore a tsakiyar rani ya zama hanyar gaya wa baƙo cewa wurin yana da tsari kuma yana da kuɗi.

Ruwan kuwa tun asali a ƙididdige yake. Famfon farko na Kano, wanda aka buɗe a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga kogin Challawa yake jawo ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992, sabuwar matatar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana kuma a 2008. Duk da haka yawan jama'a ya riƙa tsere wa famfo, har masana'antu da gidaje suka koma kan burtsatse. Ƙarƙashin Kano kuwa dutse ne mai tauri, ruwan da ke cikinsa yana maƙale ne a tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen, ba tafki ba ne a kwance. Burtsatsen kamfani mai zurfi da rijiyar maƙwabcinsa a Ja'en ko Dakata suna iya kasancewa a kan tsago guda.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Idan aka ƙaddara cewa gajeriyar ciyawa tana buƙatar milimita 6 a rana don ta zauna kore a zafin Maris da Afrilu, hekta 1 za ta sha lita 60,000 kowace rana. Wannan jarka 2,400 ke nan mai lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. Idan mutum guda yana rayuwa da lita 50 a rana, ruwan mutum 1,200 ne. Harabar da ba ta kai hekta ba sai a rage gwargwadon girmanta, amma ko rubu'in wannan ruwan unguwa guda ne.

Daga 1986, lokacin da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, wutar lantarki ta ci gaba da yankewa, daga baya atamfa da yadin Asiya masu araha suka cika Kantin Kwari. Masaƙu da yawa sun rufe. Wasu gine-ginen sun koma rumbunan ajiyar kaya, wasu sun zama injinan casar shinkafa ko na narka roba. Inda aka daina biyan gadina, shimfiɗar ta ƙone cikin rani guda, domin ba ta da saiwar da za ta nemi ruwa da kanta. Abin da ya rage shi ne ƙasa tsirara wadda iska ke ɗauka da hunturu, ruwa ke zaizaya da damina ya cika magudanai da yashi, sai kuma kyasuwa da ke fitowa da kanta ta bushe ba mai yanka.

Daga Shika zuwa ƙetaren teku

A daidai shekarun da Kano ke share gamba daga gefen birni, wasu suna nemanta ruwa a jallo. Gonar dabbobi ta Shika, wadda aka kafa a 1928 ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa, NAPRI, a 1976, ta daɗe tana gwada gamba a matsayin abincin shanu. A 1973 aka ɗauki iri daga Shika aka kai cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolombiya, aka ba shi lamba 621.

Kudancin Amurka tana da manyan filaye da ƙasarsu ke da tsami, mai yawan sinadarin alminiyom da ƙarancin abincin shuka, ga rani mai tsawo. Ciyayin kiwo da yawa ba sa yi a can. Irin Shika ya yi. Ya jure tsamin ƙasar, ya jure rani, ya tashi bayan gobara, kuma wani ƙwaro da ke addabar sauran ciyayin da aka shigo da su bai cika damunsa ba. A 1980 Kolombiya ta fitar da shi ga makiyaya da sunan Carimagua 1, Barazil ta fitar da shi da sunan Planaltina a shekarar. Ƙasashe irin su Benezuwela da Fanama da Meziko suka biyo baya, kowace da sunan da ta raɗa masa. Cikin 'yan shekaru an shuka dubban ɗaruruwan hekta. Naman da ake fitarwa daga wasu sassan Barazil, wadda ke cikin manyan masu sayar da naman shanu a duniya, da ciyawar ƙasar Zazzau aka gina wani ɓangarensa.

Inda ba lauje

Ostareliya ta riga Kolombiya karɓar gamba, tun a shekarun 1930, ita ma don kiwo. Bayan gwaje-gwaje masu tsawo aka fitar da wani nau'i mai suna Kent a 1978, hukumomin noma na yankin Arewa suka ƙarfafa wa masu shanu gwiwa su shuka. A gonar da shanu suka yi yawa suna cinye ta tun tana gajeriya, ta yi abin da aka kawo ta domin shi. Amma irinta ba shi da nauyi, iska da tayoyin mota suna ɗaukarsa, ya fita daga shinge ya shiga bakin hanya da daji, inda ba saniya ba mai lauje.

A can gamba takan kai tsayin mita 4. Ciyayin asalin wurin gajeru ne, sukan bushe da wuri, wutarsu takan bi ƙasa ta wuce ta bar bishiyoyi a tsaye. Gamba kuwa tana tara kara mai yawa, tana jinkirin bushewa, don haka takan ƙone a ƙarshen rani lokacin da zafi da iska suka fi tsanani. Binciken da Natalie Rossiter da Samantha Setterfield da abokan aikinsu suka buga a 2003 ya nuna cewa zafin gobarar gamba yana iya ninka na ciyayin wurin har sau 8. Harshen wutar yana kaiwa kan bishiyoyi. Bayan gobara biyu ko uku bishiyoyin su mutu, gamba ta tashi daga gindinta ta mamaye wurin. An ƙiyasta ta kama fiye da hekta miliyan 1 a yankin da ke kudu da birnin Darwin, har cikin gandun dajin Litchfield. A 2008 aka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa a yankin, a 2012 aka sa ta cikin jerin ciyayin da suka fi barazana ga ƙasar baki ɗaya. Yanzu gwamnati tana raba wa masu filaye maganin feshi kyauta, ana kuma amfani da jirage masu saukar ungulu wajen kashe gobararta. A Barazil ma ta fara kutsawa cikin gandun dajin da aka keɓe.

Halin ciyawar bai sauya ba tsakanin Kumbotso da Darwin. A ƙasar Hausa mutane da dabbobi sun yi yawa, kowane kara yana da mai so. Akuya ta ci toho, mai zana ya yanke kara kafin hunturu ya kankama, abin da ya rage bai isa ya ɗauki babbar wuta ba. Masu binciken da suka ɗauki irin sun auna tsayinta da nauyin ganyenta da yadda shanu ke ƙiba a kanta, aikin hannun da ke riƙe da ita kuwa bai shiga buhun iri ba.

Idan za ta dawo

Wannan darasi ya shafi Sharaɗa da Challawa da Bompai kai tsaye, domin harabar masana'anta ta fi kama da dajin Ostareliya fiye da gonar Ɗorayi: an kewaye ta da katanga, dabba ba ta shiga, kuma a ciki akwai tankin dizal da auduga da roba da buhunan shinkafa. Kano ta san abin da wutar rani ke yi, ko gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta isa tunatarwa. Gambar da aka dasa aka manta da ita a bayan sito haɗari ce.

Wadda aka dasa bisa tsarin manoma kuwa abu ne daban. Ana tsaga tsohon gindi a dasa da zarar damina ta zauna, a Yuni ko Yuli, domin irinta ba ya tsirowa da yawa kuma dashen ya fi saurin kamawa. Ana jera ta layi-layi a gefen hanyoyi da bakin magudanai da gangaren da ruwa ke ci, a bar tazara mai faɗi tsakaninta da gini ko wurin ajiyar mai. Bayan daminar farko ba ta buƙatar tiyo. Tana fitar da kai a ƙarshen damina, kuma daga Oktoba zuwa Nuwamba ya kamata a yanke ta a kwashe, kafin iskar hunturu ta ƙarasa busar da ita. Wannan yankan ba lalle ya zama kuɗin da kamfani zai kashe ba. Har yanzu ana saƙa zana a ƙauyukan Kano ana kawowa birni, ana yin rumfuna da ita a kasuwanni da wuraren kiwo, kuma masu turka raguna da shanu a cikin gari kullum suna neman ciyawa.

Akwai abubuwan da ba za ta yi ba. Ba shimfiɗa ba ce, ba a zama a kanta, kuma da rani launinta ruwan ƙasa ne, wanda ke son kore a watan Maris ba zai samu ba. Idan ta yi duhu tana ɓoye maciji da ɓera, tana kuma tare wa maigadi gani, abin da ke ƙara wajabta yanka. Mafi muhimmanci, ba ta wanke dagwalo. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara har zuwa madatsar Wasai, na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Challawa, kuma bincike da yawa na jami'o'in Arewa sun samu sinadarin kuromiyom na jimar fata a cikin waɗannan ruwaye. Ciyawar da ta tsiro a bakin irin wannan magudana bai kamata a ba dabba ba, balle dabbar da za a yanka a ci. A wasu ƙasashe ana amfani da 'yar'uwar jema ta Indiya, wadda Bankin Duniya ya yayata tun shekarun 1980 don hana zaizaya, wajen rage dattin gurɓataccen ruwa. Jemar gida, wadda ta saba da fadama, ta cancanci a gwada ta a nan. Amma ko ita ƙari ce a kan matatar dagwalo, ba ta maye gurbinta.

Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Nijeriya, kuma yawancin maganar da ake yi a kansa maganar bishiya ce da kan iyakar hamada. Dashen bishiya yana buƙatar ban-ruwa da kariya na shekaru kafin ya tsaya da kansa. Layin gamba yana rufe ƙasa cikin damina ɗaya ko biyu, kuma ana samun gindin dashe a gonakin Kumbotso da Madobi da Gezawa, tafiyar ƙasa da awa guda daga kowace daga cikin unguwannin uku. Ƙungiyar masu masana'antu da hukumar tsara birane ta jiha suna da ikon sa wannan cikin ƙa'idar kula da harabobi da gefen tituna. Idan suka yi, sharaɗin da ya kamata ya zo a farkon takardar shi ne sunan wanda zai yanka, da watan da zai yanka.